Muryoyin Gidan Na-Faɗa

Direbobin haya suna cewa maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Masu aski suna cewa ko ƙarya ya yi da safe, kafin la'asar ta zama gaskiya. Abokan aikinsa a gidan rediyo kuwa, da suka san shi tun yana jan silifas, iyakar abin da suke cewa shi ne, "Na-Faɗa ba haka yake a da ba." Laƙabin ya biyo shi ne daga yadda yake rufe sharhinsa: "Na faɗa muku!"

Shekara tara ya yi yana ɗauko muryoyin jama'a a kasuwa, wasu su zauna cikin sanyin ɗakin shirye-shirye su yi sharhi a kai. Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, ya ga 'yan siyasa suna raba wa masu sharhi motoci, sai zuciya ta kai shi inda bai taɓa zuwa ba.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka. Ɗakin bokan yana bayan wurin tara tsofaffin ƙarafa, ba taga. Matattun rediyoyi ne jere a bango, ba batir ba waya, amma duk suna gunaguni ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki. A tsakiya tukunya ce lulluɓe da jan ƙyalle, samanta an rataye busassun harsunan dabbobi a zare.

"Baki ka zo nema," in ji bokan, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, so nake in na yi magana kowa ya saurara."

"Za a saurara. Amma duk sharhin da ya ɗaga ka, zan ɗauki murya ɗaya daga gidanka."

Na-Faɗa ya yi dariya. A wurinsu ɗaukar murya ba komai ba ne, na'ura ce ka danna. "Ai sana'ata ke nan! Ko goma kake so in turo maka?"

"Ba sai ka turo ba. Da kaina nake ɗauka."

Ya gane sarai. Duk da haka ya zaro harshe, bokan ya ɗiga masa baƙin ruwan tukunya sau uku.

A sharhin farko ya faɗi ɗan takarar da zai janye. Haka aka yi, mota ta zo. A makon ne tsohuwarsa tana cikin sa masa albarka maganar ta maƙale. Kwana huɗu tana kallonsa baki buɗe, ta cika. Likita ya ce shanyewar jiki ce, shi kuma ya riƙe maganar likita hannu bibbiyu.

Ana gobe zaɓe ya faɗi wanda zai ci, har da tazarar. Da sakamako ya fito, gidajen talabijin suka yi layi a kansa. Waɗanda suka ci suka ba shi gidan bene, waɗanda suka faɗi suka ce da shi aka kitsa maguɗi. Ya koma gida ya tarar da matarsa zaune a ƙasa, rediyo a cinya, tana murɗawa tana kasa kunne. Ba ta sake magana ba. In muryarsa ta fito daga ciki, sai ta hau yagar zanenta.

Saura 'yarsu, wadda ake kira Aku saboda surutu.

"Baba, wai me Mama take nema a rediyon nan?"

"Labarai."

"Ga ka a gida kyauta, ko kallonka ba ta yi?"

Da 'yan adawa suka garzaya kotu, kowa ya zuba ido ya ji abin da Na-Faɗa zai ce. Ya ruga wurin bokan.

"Na fasa. Karɓi abinka."

Bokan ya murɗa wata rediyo. Muryar tsohuwarsa ta fito, tana ƙarasa albarkar da ta fara. "Ta ukun ma an ce akwai zaƙi," in ji shi.

Na-Faɗa ya kashe waya, ya kulle gida, ya ƙudura ba zai sake sharhi ba. Kwana uku 'yan jarida suna tsaye a ƙofa. Da ya leƙa ya kore su, abin da ya ce kawai shi ne, "Ba zan ce komai ba."

Kafin azahar kowace tasha ta ɗauka. Wasu suka ce barazana aka yi masa, wasu suka ce shirun nan na nufin za a soke zaɓen. Bai taɓa sharhin da ya ɗaga shi kamar wannan ba. Yana tsaye a falo ya ji waƙar Aku a kicin ta yanke a tsakiya.

Masu gidan bene suka karɓe abinsu, don sun ce shirunsa ya tona su. Yau yana ɗaki ɗaya na haya, shi ke ba matarsa abinci a baki. Duk mai hangen abin da ba a rubuta masa ba, ya sani cewa boka ba ya taɓa aljihunka. Mutanen da ke jiran dawowarka yake ɗauka, kuma kai ne kake buɗe masa ƙofa.

Wata safiya Aku ta rubuta a bayan wata tsohuwar jarida, ta miƙa masa: "Baba, wane irin ciwo ne?"

Ya karanta takardar. Sannan ya durƙusa a gabanta.

"Ba ciwo ba ne, 'yata. Ni ne. Ina sane na yarda. Ki yafe mini."