Wa Ya Sha Nonon?

Ranar da Barau ya iso Birnin Kudu daga Gwaram neman ilimin fiƙihu, a ƙofar zauren Malam Sanda ya yi kiciɓis da Zahara'u, 'yar Malam, ɗauke da ƙwaryar fura. Ta yi masa sannu da hanya, bawan Allah ya ruɗe ya ce "amin". Tun daga nan ta laƙaba masa Ɗan Amin, shi kuwa sonta ya shige shi har ɓargo.

Barau akwai hadda, amma Malam ba ita yake nema ba. Kullum cewa yake mai fiƙihu da tambaya yake farawa, hukunci sai a ƙarshe. Da manyan Barau suka zo neman aure, Malam ya ce a dakata, karatun yaron a baki ya tsaya.

Ana nan sai Sabo, wani ɗalibi da shi ma yake son Zahara'u, ya fasa ƙwai a gaban jama'a. Wai marigayiya mahaifiyarta, 'yar Gwaram, ta taɓa shayar da wani jariri a gidan su Barau. Barau ya ɗauka shi ne jaririn. Nan take ya karanto hukuncin da kansa: abin da jini ya haramta, nono ma ya haramta. Malam ya dube shi, bai ce uffan ba.

Da la'asar yana ɗaure kayansa, Zahara'u ta tsaya a bayan zana ta kira shi.

"Ɗan Amin, haka za ka yanke mana hukunci? Ko tambaya ɗaya ba ka yi ba."

Maganar ta dake shi. Washegari ya kama hanyar Gwaram, ya durƙusa gaban kakarsa Barira. Wane jariri? Wace shekara? Wa ya gani? Tsohuwa ta ce shekarar fara ce, uwarsa tana kwance ba lafiya, jaririn kuwa yayansa ne Salihu. Shi Barau a lokacin ko cikinsa ba a yi ba.

Sai a nan Barau ya tuna. Babin nan tuni ya haddace shi: haramcin yana kan wanda ya sha, bai shafi ƙaninsa ba. Ashe da bakinsa ya kusa rabuwa da Zahara'u.

Ya koma ya zayyana wa Malam komai.

"Ai ina can Gwaram aka shayar da Salihu," in ji Malam.

Barau ya saki baki. "Allah gafarta Malam, ka sani ka yi shiru?"

"Da ka tafi ba ka tambaya ba, da na bar ka ka tafi. Wanda zai raba aure ba bincike, ba na ba shi 'yata, balle shari'ar mutane."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Barau ya ce amin da ƙarfi, wannan karon a muhallinta, har aka jiyo dariyar amarya daga cikin gida.