Yashin Suyar Gyaɗa

"Ba zan tafi Dayi ba, Shitu!" Hansai ta faɗa, tana kawar da kai don kada ya ga hawayenta.

A Danja ne, tun kafin zuwan Turawa. Shitu, mai neman aurenta, mutumin Dayi ne. Kakarta Inno ce ta raine ta, yanzu kuma amosanin gaɓɓai ya ƙanƙame yatsun tsohuwar, ko zani ba ta iya ɗaurawa da safe.

"Haba, sanyin idona... an fa sa rana!"

"In na tafi, wa zai matsa mata hannu?"

Shitu bai yi fushi ba. Ya kawo wanzami aka yi ƙaho. Ya kawo man kaɗanya, har da kitsen damo. Inno ta shinshina ta ce, "Kai ɗan nema, jikata kake so ko kashe ni?"

Da abin ya ƙi, Inno ta sa aka ɗora ta a jaki zuwa Dayi, don ta ba uwar Shitu haƙuri da bakinta kan batun auren. Hansai na biye da ita.

Suka tarar da Tasalla, uwar Shitu, ta sauke kaskon suyar gyaɗa, yashin ciki ya fara hucewa. Inno kuwa akwai kwaɗayi! Ana cikin gaisuwa ta cusa hannu tana laluben gyaɗar da ta ɓuya. Sai ta ji ɗumin yashin ya ratsa yatsunta. Ta cusa ɗayan ma, har wuyan hannu, ta lumshe ido.

"Inno, lafiya?"

"Yi shiru, 'yar nan..."

Da ta zaro su, yatsun sun ɗan saki. Ta murza gyaɗa guda da kanta ta jefa a baki.

"Tasalla, kullum kike suya?"

"Kullum, Inna."

"To ku share ɗaki biyu. Ni ma na tare!"

Ciwon bai rabu da ita ba, kowace safiya sai ya dawo. Amma kowace safiya kaskon na jiranta.

Ranar biki Shitu da kansa ya ɗumama yashin. Inno ta zaro hannuwanta, ta tallafi fuskar Hansai da tafukan da suka daɗe a dunƙule.

"Ashe har yanzu kumatun nan na nan," ta ce.

Hansai ta fashe da kuka tana dariya, yashi duk a fuskarta.