Hannun da Ke Cikin Turmi

"Ki kai ni wurin manomin babanki, Fumie, ni kuma in aure ki, in ɗauki sunan gidanku."

"Ka rantse, Shozo?"

"Haba 'yar lelena! Ni da ke sai kabari..."

A kunnena aka ƙulla, ina gasa senbe, biskit ɗin shinkafa, a shagona da ke jikin na su Fumie. Uban Fumie komeya gare shi, ɗanyar shinkafa yake sayarwa, duk layinmu wurinsa ake awo. Sirrinsa manomi ɗaya ne a bayan dutse, mai noma masa shinkafar. Ba shi da ɗa namiji, suruki yake jira ya gaji labulen ƙofar shago mai ɗauke da sunan gidan. Shozo kuwa onigiri, curin dafaffiyar shinkafa, yake dunƙulawa a bakin tasha, bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Tsoho ya ce, "Yaron nan buhu yake kallo, ba ke ba."

Ta sha kukanta, ta kai Shozo wurin manomin a ɓoye.

Da kaka manomi ya aiko wa tsoho: bana an saye shinkafar tun tana kore.

Ana jibi sabuwar shekara Fumie ta je mociya, shagon da ake daka dafaffiyar shinkafa, sayen moci. A ƙofa ta tsaya cak!

Shozo ne da taɓarya. Kayo, 'yar mai shagon, na durƙushe tana cusa hannu cikin turmi, tana juya shinkafa tsakanin bugu da bugu. Ko kallon juna ba sa yi.

A garinmu mace ba ta sa hannu ƙarƙashin taɓaryar wanda ta sani jiya.

Buhunan da ke bayansu, tambarin manomin babanta ne a jikinsu.

"Shozo... tun yaushe?"

Kayo ce ta amsa. "Yaya Fumie, ɗan matsa mana, kin tare haske!"

"Ka ce za ka ɗauki sunanmu!"

"Na ɗauki suna ai," ya ce yana haki, "na gidan da ke da shinkafa."

Ta koma ta zube gaban ubanta.

"Baba... ni na kai shi."

"Na sani. Tashi ki sauke mini labulen nan, hannuna ba ya kaiwa."

Mai moci, uban Kayo, ya ci riba, ya samu manomi ya samu mai daka. Shozo ya samu mata, da surukin da ya san halinsa, har yau bai ba shi makullin sito ba. Tsoho ya rasa shago. Fumie ce ta fi kowa asara. Duk ƙarshen shekara, da an fara daka a layin nan, ina jin lokacin da take rufe taga.