Ruwan Soundview

"Zuhura! Fito daga taɓon nan!"

Ciyawar da ke hannuna ta suɓuce. Abba ne tsaye a gaɓar kogin unguwarmu ta Soundview, Haisam ɗan abokinsa a bayansa yana murmushin mugunta. Shi da na ƙi aurensa, shi ya kai gulmata.

"Karatun kenan? Ke da ƙato cikin laka?"

"Abba, aiki ne... Jami'armu da ta su Kudus suka haɗa gwiwa. Ciyawar nan muke dasawa, ita ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidaje."

Kudus da ke gefena ya cire hula ya durƙusa, har gwiwarsa ta nutse. Allah ya sani, ko cikin laka kyau yake min.

"Baba, ina son Zuhura da aure."

"Ɗan Zangon Kumasi? Ban san asalinka ba! Wuce mu tafi."

Na bar aikin. Na daina ɗaga wayar Kudus, ina kallonta tana ƙara ina hawaye.

Ranar da aka wuni ana tafka ruwa, kiransa ya ƙi yankewa. Na ɗauka.

"Hasken idona, ba maganarmu ba ce. Na'urar da muka kafa a bakin kogi tana nuna ruwa na hawa da gudu. Ku bar gidan ƙasa ku hau sama yanzu!"

"Abba ba ya iya hawa bene, ƙafarsa ta kumbura..."

"Gani nan."

Na kira Haisam, tunda layinmu ɗaya. Ya ce bari ya fara kai motarsa tudu.

Ruwa ya kai mana gwiwa lokacin da Kudus ya banko ƙofa. Nan take ya goya Abba. Yana ajiye shi a sama ya koma, yana bubbuga ƙofofin maƙwabta, har sai da ya fito da tsohuwa Abena da kyanwarta.

Ya dawo jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Abba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire rigar sanyinsa ya yafa masa.

"Wa gare ka a garin nan?"

"Kawuna Saeed, a unguwar Concourse Village."

"Ka ce ya same ni bayan sallar Juma'a." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, ciyawar taku... saura da yawa?"

"Sosai, Abba."

"To zaman me kike yi a gida?"

Na rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka kubce min tare.