Irin da Muntaka Bai Ƙirga Ba

Muntaka ɗan Damagaram ne, yana nazarin naman kazan da ke tsirowa a dazuzzukan tsaunuka. Ran nan ya makara a labo, wato ɗakin bincikensu, a garin Bron, sai tram na ƙarshe, jirgin ƙasan cikin gari, ya samu zuwa birnin Lyon. Ba kowa a ciki sai wani tsoho a lungu, rigarsa jiƙe sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika wurin.

"Barka da dare, Malam Muntaka," in ji tsohon, muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. "An ce iri saba'in ka samo a tsaunin Kamaru."

"Saba'in da biyu, Baba."

"Da sauran ɗaya. Ya tsiro inda ka baro jagoranka da karyayyar ƙafa, ka rungume jakarka ta kwalaben naman kaza ka sauka don kada ruwa ya ɓata ta. Kwana huɗu ina kiran sunanka."

Muntaka ya ja da baya. Tsohon ya naɗe hannun riga. Ƙananan fararen lemomin naman kaza ne suka tsiro a fatarsa, jere har gwiwar hannu, suna buɗewa suna rufewa. Ya tsinko ɗaya, ya matso.

"Buɗe baki, ɗana. Wannan ba ya rayuwa a kwalba."