Khaulat da Injin Zuciyarta

A kasuwar Azare Khaulat ta fara ganin Talha, ranar da ta raka mahaifinta, Alhaji Babagana, sayen janareto a shagon Talhan. Ana cikin ciniki haɓo ya ɓalle mata. Talha ya yi wuf ya jawo mata kujera.

"Sannu ƙanwata, ko a kira likita?"

"Kada ka damu, Malam. Na saba."

Lallai ta saba. Tun da zuciyarta ta gaza aka dasa mata inji a Jamus, take yawo da jakar batir a kafaɗa, wayarsa ta ratsa fatar cikinta. Injin tura jini yake yi ba tsayawa, shi ya sa ko an taɓa wuyan hannunta ba a jin bugu. Da shekaru suka ja, jijiyoyin jininta suka yi laushi, suna tsiyaya. Yau haɓo, gobe ƙarin jini a asibiti.

Talha ya mayar da duba janareto dalilin zuwa gidansu. Daga nan saƙonni suka fara shigowa wayarta:

"Sarauniyata, kin yi cajin batir? Ni dai muryarki ce cajina."

Ta gaya masa komai, har da cewa likitoci sun hana ta haihuwa. Ya ce ya ji, ya gani, yana so.

Mahaifiyarsa, Hajiya Yelwa, ta gayyace ta suna a Katagum. Khaulat ta tafi da murnarta. Tana durƙusawa gaisuwa Hajiya ta cafke hannunta, ta danna, ta ɗaga murya:

"Jama'a, ku zo ku taɓa! Wallahi babu rai a jikin nan. Gawa Talha zai auro mana, mai cin batir kamar rediyo."

Mata suka yi ta taɓawa suna salati, wasu na dariya. Husaina, 'yar ƙanin Hajiya da aka so haɗa ta da Talha, ta sunkuyo saitin kunnen Khaulat.

"Juya kawai. Shi ya ba mu labarinki kaf, muna ta dariya."

Ta fizgi jakar. Wayar ta yage fata, jini ya jiƙa zanen Khaulat, ya ƙi tsayawa sai a asibitin Azare. Washegari shatin yatsun matan nan ya fito baƙi ƙirin a hannunta. Da hannun ta rubuta wa Talha:

"Gawa ta sake ka. Kada ka ƙara nemana."

Sai ga shi a bakin gadonta, idanu jajur.

"Na gaya wa Hajiya ne don ta tausaya miki, Sarauniya. Ban san makami na miƙa mata ba."

"Jijiyoyina ƙara lalacewa za su yi, Talha. Ban san tsawon kwanana ba."

"Ni wa ya gaya mini nawa?"

Ta juya fuska bango tana kuka, amma ba ta zare hannunta daga nasa ba.

Bappansa ne ya tsaya masa aka sa rana. Hajiya Yelwa ta rantse ba za ta taka wurin ba. Ana saura mako guda ta aiko da ƙunshi, wai gudummawar amarya. Khaulat ta kwance a gaban 'yan'uwanta. Farin yadi ne, irin na likkafani.

Ta daɗe tana shafa yadin, sannan ta naɗe shi ta ce a kai wa tela, ga awon ango.

Da wannan farar riga Talha ya zauna a masallaci aka ɗaura aure. Da la'asar Alhaji Babagana ya damƙa masa hannun 'yarsa, ya rataya masa jakar batir na canji.

"Ga amana, ɗana. Ka riƙe ta a hankali. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka."

Khaulat ce ta fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin.