Hedifon a Wuyan Habu

"Yallaɓai, ni ba diyya na zo nema ba. Yaro ya tafi, mun rufe shi, Mai shi Ya karɓi abinSa. Bakin mutane ne ya hana ni zama."

Insifekta Dalhatu ya ajiye biro. Matar da ke gabansa Lami ce, mai ƙuli-ƙuli daga Fassi. Ita ce uwar Habu, leburan da tarakta ta matse a wata gonar masara a Zurgu kwana tara da suka wuce. Tun hantsi take kan bencin ofis. An ba ta ruwa ta ƙi sha.

"Me suke cewa, Inna?"

"Wai ya mutu da kiɗa a kunne. Ran Juma'a wani mai wa'azi ya ce a dubi yaron nan da mala'ikan mutuwa ya tarar yana jin ganga. Bai kama suna ba, amma wa ye bai gane ba? Mata in sun zo gaisuwa sai su ce Allah Ya sa ya cika da imani, suna kallon ƙasa."

Habu ɗan fari ne, shi ya sa ko yanzu da yake kwance a ƙasa ba ta kama sunansa.

Ta kwance bakin mayafi, ta ajiye wani abu a tebur. Tsohon iyafis ne na waya, an nannaɗe shi da salatif.

"Wannan ne nasa. A aljihun rigar da aka kawo min na same shi. Ban ce maka waliyyi na haifa ba, yana jin waƙarsa. Amma kunne ɗaya na abin ya mutu tun bara, ya ƙi sake wani. Ya ce gara haka, ɗayan kunnen na jin mutane ne."

Insifekta ya jawo durowa ya fito da kayan shaida. Hedifon ne baƙi, babba, irin mai rufe kunne ruf, ba shi da waya. Shi aka samu a wuyan gawar. Direban taraktar ya ba da bayani cewa ya yi hon sau uku kafin ya yi ribas, Habu bai ji ba.

Ya juya shi a hannu. Ya sake juyawa. Mutum ya matsu tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya faɗi cikin turɓaya, amma abin nan ko ƙwarzane babu. Ya leƙa cikin soson. Babu ƙura ko kaɗan.

"Kin taɓa ganinsa da wannan?"

"Ban taɓa ba."

"Ki koma gida, Inna. Jibi da hantsi ki dawo."

Washegari da safe ya hau babur ya nufi Zurgu. An gama girbi, gonar ta zama kara da tarin buhuna. Taraktar na tsaye ƙarƙashin ɗorawa, direban na zaune a kan tayar. Sunansa Tajuddeen, dogo, idonsa ya faɗa. Shi ma ɗan Fassi ne, tare suka tashi da Habu.

"Sake faɗa min yadda aka yi."

"Yallaɓai, ai na faɗa. Za mu jona tirela ne. Shi yake tsayawa a baya ya riƙe ƙarfen, in na zo daidai ya sa ƙusa. Na yi hon, na yi hon, na yi hon. Ya ba ni baya, abin na kansa."

"Kai kana sa irinsa?"

"Ni? Ban taɓa ba. Kaina ciwo yake min."

Insifekta ya taka ya hau kujerar, ya murɗa makulli, ya danna hon. Shiru. Ya sunkuya ya bi wayar da yatsa har inda ta tsinke. Bakin ya yi kore da tsatsa.

"Wannan yaushe ta tsinke?"

"Bayan abin ne."

"Tsatsar kwana goma ke nan?"

Tajuddeen ya dubi ƙasa. "Ni dai na danna."

Can gefen gonar wani dattijo na kiwon shanu a cikin kara. Insifekta ya ƙarasa ya yi sallama. Bappa ake ce masa, kullum bayan girbi nan yake kora dabbobinsa.

"Bappa, ranar kana nan?"

"Ina can wajen rafi. Ban ga komai ba, kar ka sa ni a takarda."

"Ban tambaye ka gani ba. Me ka ji?"

Dattijon ya jingina da sandarsa. "Na ji ana kira. Taju! Taju! Da ƙarfi, har shanuna suka ɗaga kai."

"Hon fa?"

"Motar nan tun damina ba ta da murya."

"Bayan kiran ya ce wani abu?"

"Ya ce. Amma inji na kuka, ni kuma ina nesa. Na ji murya, ban ji magana ba."

Insifekta ya koma wajen babur ɗinsa. Wanda ya ba da baya, kunnensa a toshe, ba ya kiran sunan direba. Habu ya ga abin na zuwa. To me ya hana a ji shi?

Bayan azahar ya shiga kasuwar Rano, layin masu kayan waya. Ya nuna hedifon a rumfa uku, duk suka ce ya je wajen Gwadabe, shi ke kawo irinsa.

Gwadabe na ganin kaki ya haɗe rai. "Ni ban san shi ba, Yallaɓai. Caja da kwabar waya kawai nake sayarwa."

"Wancan kwalin da ke bayanka fa?"

Ya waiga. Hoton hedifon ɗin ne a jiki, sak. Ya yi dariyar yaƙe, ya share wa Insifekta benci.

"To, nawa ne. Tsoro na ji, an ce a jikin gawa aka same shi. Su biyu suka zo, marigayin da abokinsa dogon nan. Ran kasuwa ne, ba zan manta ba, don sai da Habu ya sa na buɗe kwali biyar."

"Me yake nema?"

"Bes. Mai dukan ƙirji. Ya ce sun gaji da masu tsiwa kamar sauro a gwangwani. Na ba shi mafi tsada, ya sa a kai, ya ce wannan suna kawai zan biya. Na ba shi na banza, ya ce kwana uku zai fara karkarwa. Yaron nan ya san sauti, Allah Ya jiƙansa. Ya sa waƙa ɗaya, mai ganga a farko, ita yake maimaitawa a kowanne. Da ya zo kan wannan sai ya rufe ido ya yi murmushi. Ya ce ga shi nan, kuɗinsa daidai talaka, kuma ko injin niƙa ne a gabanka ba za ka ji ba."

"Wa aka saya wa?"

"Wallahi mutane sun yi yawa ranar. Na dai ga Habu ne ya fita da kwalin a hannu."

Insifekta ya dubi hedifon. Ya tuna matar nan da mayafinta. In na Habu ne, me zai ce mata gobe?

"Babu yadda za a gane mai shi?"

Gwadabe ya karɓi hedifon ɗin ya soka masa caja. "Ai shi da kansa zai faɗa maka. Bulutut gare shi. Wayar da ya saba da ita, yana farkawa ita zai nema. Kamar kare ne da ubangidansa. Kai dai ka kusanto da su."

Da ya koma ofis ya ɗauko wayar Habu cikin kayan shaida, 'yar ƙarama mai madannai. Ya kunna ta, ya buɗe bulutut, ya kunna hedifon. Fitilar ta yi ta ƙyaftawa, shuɗi, ja, shuɗi, ja. Ba su san juna ba.

Ya aika a gaya wa Tajuddeen ya zo gobe ya sa hannu a takarda, a rufe magana.

Da hantsi Lami ta riga kowa zuwa. Da Tajuddeen ya shigo ya gan ta, sai ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Taju. Ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

Ta dubi Insifekta. "Shi ya ɗauki makara, Yallaɓai. Kwana uku bai bar ƙofar gidana ba. A kwano ɗaya na ciyar da su."

Insifekta ya nuna wa Tajuddeen kujera, ya ajiye hedifon a tsakiyar tebur kusa da kofin shayinsa.

"Ka ce ba ka taɓa sa wannan ba."

"Ban taɓa ba."

"Ko ranar da kuka je wajen Gwadabe?"

"Raka shi na yi."

"To. Ajiye wayarka nan. Buɗe bulutut."

"Yallaɓai, cajina ya kusa..."

"Buɗe."

Tajuddeen ya buɗe. Insifekta ya danna maɓallin hedifon. Fitilar ta ƙyafta sau ɗaya, sau biyu, sai ta tsaya cak a shuɗi. Muryar wata mata ta yi magana da Turanci daga cikin soson. Fuskar wayar Tajuddeen ta yi haske.

Insifekta ya sake dannawa.

Kiɗa ya tashi. Ba a kunnen kowa yake ba, a kan katako yake, amma dum, dum, dum ɗinsa sai da ya sa shayin cikin kofi ya riƙa rawa. Ba daga farko waƙar ta fara ba. Daga tsakiya ta ɗauko, inda aka tsayar da ita.

Lami ta dubi abin, ta dubi Tajuddeen. Ba ta san bulutut ba, amma ta san fuskar yaron da ta goya.

"Kashe, Yallaɓai," in ji Tajuddeen. "Don girman Allah kashe."

Ya kashe. Wani kofur da ke zaune a kantar ofis ya daina rubutu.

"Nawa ne," in ji Tajuddeen. "Ƙarar inji ce take hana ni barci, wuni nake a kan tarakta. Tsohon nawa ba na jin komai da shi. Habu ya ce zo in zaɓa maka na kirki wanda ba zai karya ka ba. Da muka fito kasuwa ya miƙo min, ya ce sharaɗi ɗaya, in za ka yi ribas ka cire. Na ce to. Kullum ina cirewa. Ranar ne kawai... waƙar ta zo inda nake so, na ce bari ta wuce."

"Sai me?"

"Ƙafarsa ta maƙale a ƙarƙashin ƙarfen tirela. Ban sani ba. Sai na ji motar ta cije. Da na sauko ya riga ya..." Ya kasa ƙarasawa. "Babu kowa a kusa. Na ji tsoro. Na cire na rataya masa."

"Ka kashe shi da ganganci, sannan ka ɗora masa laifin," in ji Insifekta. "Ran Juma'a kana masallacin?"

"Ina sahu na biyu."

"Ka ji abin da aka faɗa a kansa?"

"Na ji."

"Wannan ka ji shi."

Insifekta ya rubuta, ya tura masa takarda ya sa hannu. Shekara goma sha tara yana aikin nan, ya ga ɓarayi, ya ga 'yan daba, amma irin wannan ce take hana shi cin abincin rana. Ya ɗaga wa kofur kai. Kofur ya zo da ankwa.

"Inna," in ji Insifekta, "ɗanki kunnensa a buɗe yake. Akwai wanda ya ji shi yana kira. Zan rubuta miki da hatimi, ki kai wa duk wanda kike so ya karanta."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tsohon iyafis ɗin ta mayar bakin mayafi ta ƙulle.

An kai Tajuddeen bakin ƙofar da ke shiga bayan kanta, sai ta miƙe.

"Ku tsaya."

Kofur ya tsaya. Ta matso har tana iya taɓa shi.

"Shari'a tsakaninka da hukuma, sauran kuma tsakaninka da Allah. Ni abu ɗaya nake so. Bayan ya kira ka, ya ƙara magana?"

Insifekta ya tuna Bappa. Na ji murya, ban ji magana ba.

"Inna, ban ji ba," in ji Tajuddeen. "Wallahi ban ji komai ba."

"Na san ba ka ji ba. Amma akwai madubi a motar. Da ta cije ai ka duba."

Ya runtse ido. "Na duba."

"Bakinsa na motsi?"

"Yana motsi."

Ta kama hannun rigarsa, sama da ankwar. A karo na farko tun ranar da ta haifi ɗanta, ta kama sunansa.

"Habu ne fa, Taju. Kai ka san bakinsa tun kuna rarrafe. Don Allah ka tuna min. Salati yake, ko har lokacin kai yake kira?"